Delfina, Sauronki Sun Ƙi Ci

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Maris na shekarar 2025, rai ya yi halinsa. Farfesa Delfina Kozak ta Sashen Nazarin Ƙwari a jami'armu ta riga mu gidan gaskiya tana da shekara sittin da takwas. A bakin ƙofar gidanta ta faɗi da safe, jaka a kafaɗa, filas ɗin ruwan zafi a hammata, za ta wurin aiki. Likita ya ce zuciya ce. Daga Ubangiji muka fito, gare shi kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya, ba ni da ja a kan wannan. Jan da nake da shi, da ke ne, Delfina.

An ce ni zan rubuta miki ta'aziyya saboda na fi kowa daɗewa da ke. Shekara talatin da 'yan kai muna ofis ɗaya, teburina yana kallon naki. Ni na riƙe 'yarki Noemi a coci ranar baftisma, tun daga ranar kuma muke kiran juna comadre, ni da ke, mijinki ya zama compadre. Shugaban tsangaya ya ja ni gefe ya ce, "Griselda, don Allah ki rubuta abu mai sanyi." Na ce to. Na zauna na nemi sanyin nan har na gaji, ban same shi ba. Kuka kam na yi, na sake yi, amma haushinki bai sake ni ba, kuma kin san dalili.

Waɗanda ba su san ki ba, bari in gaya musu. A bayan ginin tsangayarmu akwai wani ɗan ɗaki mai zafi da laima, ƙofarsa biyu, ciki an jera keji na raga. Tun kafin a ɗaga ruwan madatsar kogin Parana, kina 'yar budurwar malama, kika shiga kwalekwale kika je wani tsibiri kika kwaso sauron zazzaɓi daga can. Tsibirin yau yana ƙarƙashin ruwa, kifi ke yawo a inda bukkokin masunta suke. Sauron da kika kwaso bai taɓa shaƙar maganin feshi ba, shi da kakanninsa, shi ya sa ya zama ma'auni. Duk wanda yake so ya san ko sauron garinsu ya fara raina magani, sai ya gwada shi da naki. Ɗalibai nawa suka yi digiri a kan sauron nan, ni kaina ban ƙirga ba. Tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a asibitocin karkara har yau suna aiko da nasu a gwada musu. Da hukuma ta ce zazzaɓin ya bar ƙasarmu, a rufe ɗakin, cewa kika yi baƙon da ya san hanyar gida bai tafi ba, ya dai zagaya.

Matsalar ita ce ƙwan wannan sauro ba ya ajiyuwa. Ba a shanya shi, ba a sa shi a firji. Tamata sai ta sha jini take yin ƙwai, in kuwa aka yi 'yan makonni ba ƙwai, shi ke nan, iri ya ƙare, babu inda za a sake samo shi a duniya. Ke kuma da hannunki kika ciyar da su tun ranar farko. Duk Litinin da Alhamis ki naɗe hannun riga, ki zura hannun hagu cikin keji har gwiwa, na dama yana jan jar biro a kan takardar wani bawan Allah, shi kuma bawan Allahn yana tsaye yana riƙe miki ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu, kina zuƙa kina yi masa faɗa. Jikinki ya saba har ba ya ko tashi. Baƙi daga wasu jami'o'i suna zuwa kallo, kina jin daɗi, kada ki musa.

Sau nawa na roƙe ki? Akwai na'urar shayarwa da aka saya mana tun shekarun baya: ɗan kofin gilashi ne, a zuba jinin saniya daga mahauta, a ɗumama, a rufe bakinsa da siririyar leda, sauro ya huda ya sha. Ko'ina haka ake yi yanzu. Dokar jami'a ma ta hana ciyar da ƙwari da jikin mutum, ke kaɗai aka kau wa ido saboda ba mai iya tunkararki. Na ce miki, "Comadre, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu koya musu shan kofin nan tun kina da ƙarfi." Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Griselda, tun da kike kin taɓa ganin na kwanta ciwo? Sauro ba ɗan ofis ba ne da zai sha abu a kofi." Kika lulluɓe na'urar da tsumma, kika ɗora mata tukunyar fure. Na kawo maganar a taron sashe, kika yi kunnen uwar shegu da ni. Na tura ɗalibai su yi miki hannunka mai sanda, suka dawo da ƙarin aiki. Daga ƙarshe na shafa wa kaina lafiya na yi shiru.

Ba na so mai karatu ya ɗauka taurin kai ne kaɗai halinki, ko da yake shi ne babba. Lokacin da mijina ya kwanta ciwon da bai tashi ba, kullum da yamma sai kin zo da tukunyar miyar kaza. Ki ajiye, ki buɗe kabad ɗina ki ce ba ki taɓa ganin masaniyar kimiyya mai hargitsattsen kicin irina ba, ki gyara, ki tafi. Ba ki taɓa ce min sannu ba, ba ki kuma taɓa fashin zuwa ba. Shekarar da aka yi dogon yajin aiki muka fitar da azuzuwa kan titi, kowa ya fito da allo da alli, ke kika fito da kejin sauro kika ajiye a gindin bishiya a gaban gidan gwamnati. Direbobin tasi suka tsaya, masu sayar da burodin rogo suka tsaya, har ɗan sandan da aka turo ya kore mu ya ɗaga hannu ya yi tambaya, kika ce masa tambayarsa ta fi ta rabin ajinki ma'ana.

Sai Itati Ferreyra. Yarinyar nan 'yar masu tsinkar ganyen mate ce daga can cikin karkara mai jar ƙasa, ita ce ta farko a danginsu da ta taka jami'a. A shekara ta biyu ta tattara kayanta ta koma gida, ta ce karatun ya fi ƙarfinta. Kika tuƙa tsohuwar motarki kika bi ta har gona. An ce a gaban ubanta kika ce mata, "Ke, sa takalminki. Ban gama da ke ba." Ubanta ya cire hula ya ce, "Malama, ai sai ki tafi da ita, mu ma tsoronki muke ji." Yau Itati mace ce mai shekara talatin da ɗaya, tana kan digiri na uku. Shekara shida tana bin yadda sauron kan iyaka yake jure wa magani, gwaji na ƙarshe ya rage mata, kuma gwajin ba ya yiwuwa sai da sauronki. Kin san da haka sarai ranar da kika ɗora tukunyar fure a kan na'urar nan.

Yanzu ki ji abin da ya faru bayanki. Ran Litinin kika ciyar da su, ran Talata kika tafi. Tsangaya ta ayyana makoki na kwana uku, aka sauke tuta, aka rufe gini don girmama ki. Mai gadi, bawan Allah, ya bi umarnin da aka ba shi ya kashe wutar ginin gaba ɗaya, har da injin da ke ba ɗakin sauro laima. Ni kuma hankalina yana kan akwatin gawarki, ban tuna ba. A maƙabarta, ana cikin zuba ƙasa, Itati ta matso kusa da kunnena, idonta jawur, ta ce, "Malama, gobe Alhamis. Wa zai ba su?" Ka ji mutuwar da ba ta bar mutum ya yi kuka a tsanake.

Da muka samu aka buɗe mana, ƙasan kejin ya yi baƙi da gawarwaki. Waɗanda suka rage suna lafe a jikin raga, ruwan sukari kaɗai ke riƙe da su. Na naɗe hannun riga, doka ko ba doka, na zura. Na zauna har hannuna ya yi tsami. Guda huɗu ko biyar suka sauka, suka taka ni, suka tashi. Shekara talatin da 'yan kai ina gefenki, Delfina, ko sauronki bai ɗauke ni a bakin komai ba. Itati ta zura nata, 'yan kaɗan suka cije ta, ba su isa su riƙe iri ba. Muka sauke tukunyar furen, muka wanke na'urar, muka kawo jini mai ɗumi daga mahauta, ko kallonsa ba su yi ba. A matsayina na mai bincike ba zan rantse a kan dalili ba, wataƙila wahalar da suka sha ce ta kashe musu jiki. Amma zuriya bayan zuriya, wadda ta so warinki ita ta ƙoshi ta yi ƙwai, wadda ba ta so ba ta mutu ba magaji. Abin da ya rage a kejin nan jikokin masoyanki ne kaɗai.

Ɗaliban sashe suka ce za su yi layi kowa ya gwada hannunsa, ko a dace da wani. Sai aka ce wannan magana ce ta majalisar tsangaya, inda malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai kowa yake da kujera da ƙuri'a. Kin san majalisar nan, kin yi faɗa da ɓangarorin uku, wani lokaci a zama ɗaya. Na je na tsaya na ce sauro yana mutuwa. Wakilin tsofaffin ɗalibai ya miƙe ya ce kafin komai a sa wa babban ɗakin taro sunanki. Aka tafa. Sai gardama ta tashi a kan ko za a rubuta Farfesa ko Dokta a jikin allon. Wakiliyar ɗalibai, wata mai kaifin baki, ta ce, "'Yan'uwa, jinin ɗalibi ba na banza ba ne. Ba za a zura hannun kowa a keji ba sai babban taron ɗalibai ya kaɗa ƙuri'a." Wani malamin sashen sinadarai, ba zan faɗi sunansa ba, ya yi gyaran murya ya tambaya, idan Allah ya sa sauron bai yi rai ba, wa za a ba ɗakin? Ana ga yaƙi suna ga ƙura. Aka kafa kwamiti, aka ce zai zauna bayan Ista.

Da muka fito, Itati ta zauna a kan matakala ta haɗa kai da gwiwa. Ni ma na zauna. Can ta ɗago ta ce, "Malama, safa fa?" Dabara ce sananniya a fagenmu: in sauro ya ƙi na'ura, a samo safar da mutum ya sa bai wanke ba, a naɗa a bakin kofin, warin ya ja shi. Sai dai mu ba warin kowa muke nema ba, naki muke nema. Muka koma ofis muka birkice shi. Farar rigarki ta aiki, wadda da ta wadatar da mu, ashe tsangaya ta aika an wanke ta da bilic, an goge, an shimfiɗa a kan akwatin gawarki don karramawa, an kuma binne ki da ita. Ba abin da ya rage sai gidanki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na bari rana ta yi sanyi, mutane sun tashi daga barcin rana, na tafi. Tun daga bakin titi na hango igiyoyin shanya sun cika tsakar gida. Rigunanki, zannuwan gado, tawul, safa bibbiyu an maƙale da maƙali, komai fes yana ƙanshin sabulu. Noemi da matan coci sun wanke komai don a kai wa mabuƙata ranar addu'ar kwana tara. Na tsaya a gaban 'yar da na riƙe a hannuna tana jaririya, na buɗe baki na tambaye ta ko akwai wata safar uwarta da ba a wanke ba.

Ta ajiye kwandon da ke hannunta. Ta ce, "Inna Griselda, me kika ce?"

Na maimaita, na fara bayani.

Ta ce, "Sauro. Uwata ko kwana tara ba ta yi a ƙasa ba, kin zo neman dattinta saboda sauro. Ranar da na gama sakandare tana wurinsu. Ranar da na haihu sai da ta biya ta wurinsu kafin ta zo asibiti. Su mutu mana! Wallahi da na san ranar da za su mutu, da na yi girkin biki."

Wannan ma ke kika ja min, Delfina.

Mijinki Eusebio, wanda ake ce wa Don Eusebio don girmamawa, yana zaune a gindin mangwaro yana jin mu. Tsohon makanikin jiragen ruwa, mutumin da a shekara arba'in na aurenku ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ce, "Comadre, zo ki zauna. Ƙyale ta, ita ma da gaskiyarta." Noemi ta shige ɗaki ta buga ƙofa. Ya zuba ruwa a ƙoƙon mate ya miƙo min. Na sha, na mayar.

Ya ce, "Kin san ban taɓa kai matar nan ta ga teku ba? Sau biyu muna kama hanya. Kwana biyu sai ta fara duba agogo, wai yara suna jin yunwa. Na ce Delfina, yarinyarki ɗaya ce, ga ta nan a bayan mota tana cin lemo. Haka muka juyo." Ya yi 'yar dariya. "To in sun mutu, sai me?"

Na gaya masa gaskiya. Na ce aikin shekara shida na Itati zai tashi a banza, ba ta da lokaci ko ƙarfin sake wani. Na ce abin da Delfina ta riƙe tun tana budurwa zai ƙare a mako biyu, a share kejin, a ba wasu ɗakin.

Sai ya tashi ya nufi rumfar da yake ajiye kayan aikinsa, inda Noemi ba ta shiga saboda baƙin mai. Ya dawo da gwangwanin biskit. Ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗaki, sannan ya buɗe. A ciki akwai leda an ɗaure bakinta tam, a cikin ledar rigar filonki ce, mai 'yan furanni shuɗi, wadda kika kwana a kanta daren ƙarshe.

Ya ce, "Na sace ta kafin su kai ga gado. Ba wanda ya sani." Bai miƙo ba. Ya riƙe gwangwanin a cinya da hannu biyu. "In kun gama za ki dawo min da ita?"

Delfina, da kin ga fuskarsa. Ƙarya ta zo min har bakin leɓe, amma ke kika koya min ba a gyara sakamako don a faranta wa wani. Na ce, "A'a, compadre. Yanka ta za mu yi gunduwa-gunduwa. Duk wadda aka ɗora a kan kofin, ɗumi zai kwashe warin, sai a yar. Ba abin da zai dawo."

Ya zuba wa kansa mate, ya zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara. Ya ce, "Ku masu binciken nan ba ku da kunya ko kaɗan. Ita ma haka take." Ya mayar da murfin. "Da sharaɗi. Ni zan yanka da hannuna. Kuma ina so in ga masu cin."

Washegari da safe ya zo cikin rigarsa ta zuwa coci, gwangwani a hammata, da nasa almakashin. Ashe bai taɓa shiga ɗakin nan ba. Ya tsaya a tsakiya yana gumi yana kallon kejin ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Nan ne ke nan." Ya shimfiɗa rigar filon a kan tebur, ya auna da yatsa kamar zai yanka roba a inji, ya yanke gefe ɗaya. Itati ta naɗa ƙyallen a bakin kofin jinin, ta ɗora a saman keji. Muka ja da baya.

Da farko ba abin da ya motsa. Sai guda ɗaya ta bar jikin raga. Sai uku. Sai kejin gaba ɗaya ya tashi da wannan siririn kuka nasu, suka taru a ƙarƙashin kofin suna turereniya, cikinsu yana cika yana yin ja muna gani. Itati ta toshe baki da hannu ta fashe da kuka. Ni kuwa, Allah ya yafe min, zagin ki na yi a zuci, don da kin ji maganata da ba a kai ga tsohon nan ya tsaya a nan da almakashi ba. Don Eusebio ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa raga. Ya ce a hankali, "Kai, ji 'yan banza. Sai ka ce ita ce ta shigo."

Bayan kwana uku muka ga ƙwai a kan ruwa. Tun daga nan muke yin abin da ya kamata a yi tun shekara goma da suka wuce. Duk ranar ciyarwa ƙyallen da ake ɗorawa yana ƙara ƙanƙanta, ana haɗa shi da safar Itati, don sababbin da ke ƙyanƙyashewa su saba da wani warin. Wasu sun fara karɓa. Ban ce an tsira ba, amma iri bai yanke ba, Itati kuma ta fara gwajinta. Majalisa ta zauna, an sa wa ɗakin taro sunanki, Farfesa Dokta aka rubuta don kowa ya huta. Maganar hannun ɗalibai har yau tana gaban kwamiti.

Compadre bai fasa zuwa ba. Duk Litinin da Alhamis yana bakin ƙofa kafin mu iso, da gwangwaninsa da almakashinsa. Ya yanka, ya miƙa, ya ja kujera ya zauna har su ƙoshi, ya yi mana sallama ya tafi. Noemi ta gane, ba ta ce masa komai ba, ni ce dai ba ta gaishe ni har yanzu. Alhamis ɗin da ta wuce ya buɗe ledar, na ga abin da ya rage bai fi tafin hannu ba, wurin da ɗinkin yake. Zuciyata ta karye. Na riƙe hannunsa na ce, "Compadre, bar wannan. Ka tafi da shi gida. Za mu gwada da safar kaɗai, in sun ci sun ci."

Ya dubi ƙyallen, ya dube ni. Ya ce, "In ajiye in yi me da shi, comadre? Tun makon jiya na daina jin komai a jikinsa. Na shinshina, na sake shinshinawa, tsumma ne kawai. Amma su har yanzu suna jin ta. Shi ya sa nake zuwa."

Ya miƙa wa Itati gaba ɗaya, bai yanka ba. Ya ja kujerarsa kusa da keji ya zauna, suka taso.

Allah ya jiƙanki, Delfina. Ubangiji ya yafe miki kurakuranki, ya dubi ɗaliban da kika ɗaga da marasa lafiyar da ba su taɓa jin sunanki ba, ya ba ki hutun da kika ƙi ba kanki a duniya, ya haskaka makwancinki. A madadin malamai da ɗalibai da tsofaffin ɗaliban sashenmu, ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Noemi da jikokinki biyu, da 'yan'uwanki na ƙauye, da Itati wadda ita ma uwa ta rasa. Allah ya ba su haƙurin jure wannan rashi. Don Eusebio kuma, ya Ubangiji, kai ka san abin da ya bayar, ka kuma san ba shi da wani. Ka zama gatansa, ka sanyaya masa zuciya. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.

Griselda Insaurralde
Sashen Nazarin Ƙwari